Tocila da tsakar rana

Ranar da abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya, ina zaune ne a falo da faranti a cinya, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina tsintar shinkafa da tocilar waya. Ƙarshen Oktoban 2024 ne, lokacin nan da Arewa ta kwashe sama da mako guda babu wutar lantarki. Wanda yake Kano a kwanakin ya san yadda aka sha: ƙanƙara ta zama gwal, masu cajin waya a bakin titi suka zama 'yan lele, markaɗe sai an bi layi. Ni kuwa wani asirin daban rashin wutar ya tona mini. Autana ya shigo da gudu daga tsakar gida, ya ci birki a bakin ƙofa yana ƙifta ido, ya ce, "Umma, a nan har dare ya yi?"

A waje kuwa rana ce ƙwal, inuwar mutum ma ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Shekara 13 ina cikin ɗakin nan ban taɓa lura ba. Da na ɗaga labule na shigo, hannuna ya san hanyar makunni. In an ɗauke wuta akwai fitilar caji, kafin ta mutu an dawo da wutar. Sabo turken wawa. Sai da aka yi kwanakin da fitilar ma babu inda za a caja ta, sannan na ga falon a yadda yake.

Bari in zayyana muku shi. Bango daga ƙasa zuwa ƙugu ruwan hanta, daga nan zuwa silin ruwan ƙasa. A 2011 da aka kawo ni gidan abin da ake yayi ke nan, har maƙwabta na shigowa kallo. Taga biyu ce, kowacce da ƙarfenta da raga da labule hawa biyu, na saman mai kaurin da in an wanke shi sai mutum biyu sun kama wajen matsewa. Kujeru baƙaƙe, saiti guda da rabi. Jan kafet bango zuwa bango. Sai uban tafiyar, kabad ɗin jerena: katako mai duhu, tsawonsa ya kusa taɓa silin, faɗinsa ya cinye rabin taga guda. Kicin kuwa sai mun zo kansa.

Ba na son in yi wa iyayenmu butulci. Duhun ɗaki a ƙasar nan ba wauta ba ce. Wanda ya yi bazara a Kano, daga Maris zuwa Mayu, ranar da zafi ke kai maki 40, ya san ɗaki mai duhu ni'ima ne. Wanda ya yi hunturu ya san ƙura ba ta sallama kafin ta shigo. Ga kuma sutura, don babu mai son mai wucewa ya ga abin da matan gida ke ciki. Ɗakin kakata a Ɗambatta na ƙasa ne, tagarsa ba ta wuce faifai ba, tana can sama kusa da azara. Amma ita kakar tawa ba a ɗaki take wuni ba. Girki a tsakar gida, tsinta da kaɗi a gindin darbejiya, hira a rumfa. Ɗaki na barci ne da ajiyar kaya. Duk da haka, kowace sallah sai ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe bangon ciki da tsumma. Mu kuma mun kwashe rayuwar tsakar gida kaf mun shigar da ita ɗaki, girki da cin abinci da aikin makarantar yara da karɓar baƙi, muka riƙe duhun, muka yar da farar ƙasar.

Da na kawo wa Abban yara maganar, amsarsa ɗaya ce: "Za ki buɗe mana ɗaki rana ta dafa mu." Ban yi musu ba. Washegari na yi ta bin rana da ido tun daga hantsi har la'asar. Gabas dai ba ta ɓata, kullum sau biyar muna fuskantarta, kuma in na tsaya salla a falon tagogin suna hannun haguna ne, wato arewa suke kallo. Rana kuwa a wajenmu tagar gabas da ta yamma take duka. Ta arewa haske kawai take samu mai laushi. Ko a watannin da rana ke karkata can, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, da tsakar rana tana sama ne sosai, bakin kwanon rufi ya tare ta. Ashe duk shekarun nan muna kare kanmu ne daga baƙuwar da ba ta cika biyowa ta ƙofar ba.

Na faɗa masa haka da daddare. Ya yi shiru, can ya ce, "To, kuɗin fa?" Na ce ni ce da kwasar adashi a Nuwamba. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin addu'ar wanda ya ga an toshe masa hanya.

Fenti da labule kuɗi ne kawai. Kabad ɗin shi ne jan aiki.

Wanda bai san jere ba zai ce ai katako ne da kwanuka. A wajenmu kayan ɗaki shaida ce ta cewa yarinya tana da gata. Zamanin kakanni ƙorai aka jera, aka zo tasoshi, aka zo langa da kwanukan sha masu fure, mu kuma muka faɗo zamanin tangaran da kuloli. Inna ta fara tara mini tun ina firamare, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai saitin tangaran mai zaren ruwan gwal a baki wanda tun ranar da 'yan jere suka ɗora shi ko ruwa ba a taɓa zuba masa ba. Sau biyu a shekara nake sauke komai, in goge, in mayar. Ranar ba na girkin kirki, yara su sha gari.

Na tafi gida na same ta a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika kallona ido cikin ido ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar zafi, na yi ta tsadar gas, na tambayi lafiyar mutanen da na san lafiyarsu ƙalau, sannan na ce, "Inna, dama kabad ɗin nan nake so in ɗan matsar."

"Ki matsar zuwa ina?"

"Sito."

Ta ci gaba da ɓararta. Can ta ce, "Ke wannan, ɗakinki ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Wanda ya san Inna ya san wannan ba amincewa ba ce. Da na yi sallama zan tafi sai ta ƙara, ba ta ko ɗago ba: "Tasa ukun nan na ƙasa dai na uwata ne."

Tasa ukun ne suka nuna mini hanya. Na dawo na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sauke komai, na raba kashi uku: abin da muke ci da sha a ciki, abin da ke da tarihi, da abin da aka saya don cika ido. Kashi na ukun ya fi biyun yawa in an haɗa su. Kula 11 na ƙirga, huɗu ko ledarsu ba a cire ba. Na ware wa ƙanwata da za a aurar, wasu na sa a kwali suka tafi sito. Kafinta ya zo ya raba kabad ɗin biyu: ƙasan mai ƙofofi aka goge shi, aka yi masa farin fenti, ya koma kicin ma'ajiyar tukwane, saman mai gilashi kafintan ya saye a bakin kuɗin aikinsa. Tasoshin kuwa na dirje su da toka da lemon tsami har suka dawo da ruwansu na asali, na sa aka kafa musu kanta guda a bangon kudu, daidai inda hasken taga ke sauka.

Ranar da aka janye kabad ɗin na ga abin kunya. Rabin tagar da ya rufe, ƙurar jikin gilashinta ta yi kaurin da Auta ya rubuta sunansa da yatsa, ya ƙara da zanen mota. Ga ƙwan tsaka a lungu, ga katin bikin da na yi ta nema tun ɗiyata tana goye.

Fenti a Ƙofar Ruwa muka saya. Na tafi da niyyar fari fat irin na hotunan da nake gani a Instagram. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Hajiya, a Kano kike ko a Turai? Ƙasar nan ja ce. Fari fat ba ya wata biyu zai nuna miki ƙurar unguwa kaf." Ya ba ni shawarar ruwan madara, mai ɗan santsi da za a iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, silin kaɗai a yi masa fari. Ya yi gaskiya. Kuma zancen launin bango ba na kyan gani kaɗai ba ne. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, irin ruwan hantar nan kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Wato ɗan hasken da ya samu ya tsallake ƙarfe da raga da labule, bango ne ke jiransa ya cinye.

Mai fenti ya ce a yi maza kafin hazo ya sauko, don ƙura na mannewa a ɗanyen fenti. Falo sai da ya sha shafi uku kafin jan ya daina leƙowa. Bayan shafin farko ɗakin ya koma wani irin ruwan hoda mai ban tsoro. Abban yara ya leƙo ya ce, "Amarya za a kawo mini ke nan?" ya wuce masallaci kafin in samo amsa.

A kicin ne na tafka kuskuren da ya ci mini kuɗi. Ƙafa 8 ne da 10, taga ɗaya mai kallon yamma. Shekarun da na yi ina girki da risho, da lokacin da gas ya yi tashin gwauron zabi na koma gawayi har ina jawo murhun bakin ƙofa in ana ruwa, duk sun bar shaidarsu. Bangon saman murhu baƙi ƙirin, in ka taɓa yana danƙo. Mai fenti ya ce a wanke da ruwan zafi da omo, a bari ya bushe, a fara sa fenti mai mai a ƙasa, sannan a ɗora na ruwa. Na lissafa: ƙarin galan guda, ƙarin kwana biyu muna girki a tsakar gida. Na ce ya shafa kawai, ai fari zai rufe.

"Hajiya, bangon nan ya sha hayaƙi."

"Malam, shafa kawai."

Ya shafa. Ranar ya yi kyau kamar kindirmo, har na ɗauki hoto na tura wa ƙanwata. Kwana biyu sai ga tabo rawaya-rawaya yana tasowa ta ƙarƙashi, kamar an watsa shayi, daga saman murhu har silin. Maiƙon da hayaƙin ne suka biyo ruwan fentin suka fito. Da ya dawo bai ce "na gaya miki" ba. Ya tsaya ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, "Araha ba ta ado." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Aka kankare, ni da manyan yaran biyu muka wuni muna dirza da soso, ruwan da ke gangarowa kamar na wankin tukunya. Galan ɗin da na guje wa sai da na saye shi, na ƙara da sabon fenti na sama. Tunda an riga an shiga, na sa aka manna farin tayil layi huɗu a bayan murhu, don man suya ya sami inda zai faɗa a goge.

To, bango ya yi fari, amma kicin bai yi hasken da nake so ba. Na tsaya a wajen wanke-wanke na leƙa taga. Abin da ke gabana katangarmu ce, taku biyu daga tagar, bulo tsirara ruwan toka, ko filasta babu. Sama ba a ganinta daga nan. Duk hasken da zai shigo mini daga jikin katangar nan zai taso, ita kuwa ba ta da abin bayarwa. Nan kakata ta faɗo mini a rai. Na aiki yaro ya sayo farar ƙasa, muka kwaɓa a bokiti, ni da ɗiyata muka shafe iya faɗin da taga ke gani, da tsohuwar tsintsiyar laushi. Kuɗin bai kai na naman miyar kwana ɗaya ba. Washegari da hantsi, da rana ta haye rufin gida ta bugi katangar, sai kicin ya cika da haske kamar an kunna fitila, ya zauna haka har azahar, daidai lokacin girkin rana. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon miyar kuɓewa, ina ganin launinta na gaskiya. Cikin duk abin da na kashe, wannan ɗan bokitin ya fi kowanne aiki. Damina ta zo ta wanke rabinsa, muka sake shafawa, ba wani abu ba ne.

Labule a Kantin Kwari na saya. Kowane yadi aka sauko mini sai in fita da shi bakin layi in ɗaga wa rana, yaron shago na bina a baya kamar zan gudu da shi. Na zaɓi fari shara-shara, na dawo ina murna, na sauke masu kaurin na naɗe. Da rana abin ya yi: daga waje ba a ganin ciki, ciki kuma fes. Bayan isha'i, ga wuta an kawo, sai zuciyata ta ce in fita in duba. Na tsaya a tsakar gida na ce wa yarinyar ta wuce ta gaban taga. Har furen ɗankwalinta na gani. Gidanmu kuwa ba ya rabo da almajirai da masu kawo ruwa da abokan Abban yara. Ashe shara-shara wanda ke ɓangaren duhu kaɗai yake suturtawa. Da dare ciki ne ya fi haske, sai lissafin ya juye. Na koma Kwari na sayo mai ɗan kauri, ruwan toka mai haske, na dare. Dabarar da telan ya ba ni ita ce a sa sandar labule ta wuce faɗin taga da taƙi biyu kowane gefe, yadda in an zuge shi zai tattaru a kan bango bai ci gilashi ba, a kuma ɗaga ta kusa da silin. Taga ɗaya ce dai, amma sai ka rantse an ƙara mata girma.

Sauran ba su da dogon labari. Kafet muka naɗe, a ƙarƙashinsa muka tarar da tayil ruwan madara da na manta muna da shi, da cokali uku, da warin ɗankunne, da ƙurar da ba zan faɗi yawanta ba. Rabin saitin kujerun aka sayar, sauran aka ɗinka musu riga mai haske da ake cirewa a wanke. Ƙwan fitila kuwa ku riƙa duba jikin kwalin kafin ku biya. Na zamanin nan mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, wannan kowa ya sani. Lambar da ba a kula da ita ita ce mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500 fari ne mai shuɗi-shuɗi, ya dace da kicin inda ake yanka da tsinta. Da na sa shi a falo sai fuskokinmu suka koma kamar na masu jinya. Na canza da mai 4000, aka zauna lafiya.

Kada in yi muku daɗin baki, akwai abin da na saya da kuɗina na wahala. Hunturu ya shigo a Disamba, ƙurar da kafet ke ɓoye mini a da yanzu a fili take kwana, shara sau biyu a rana, goge-goge kuma ba a magana. Bango daidai tsawon Auta ya sami sawun hannu biyar-biyar na manja. Wata dangin maigida da ta zo ta tsaya tsakiyar falo tana waige-waige, ta rage murya ta ce, "Lafiya dai ko? Tashi za ku yi?" A idonta ɗakin da babu kaya ɗakin wanda abu ya samu ne. Na ce lafiya lau. Na san kafin magariba labarin ya zaga dangi cewa mun sayar da kaya. Shi kuwa mai tsoron rana ta dafa shi, da bazara ta zo, a kujerar gindin taga yake karatun Alƙur'aninsa na la'asar, ba tabarau. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba.

Inna ba ta zuwa gidana sai da dalili mai ƙarfi, kunyar 'yar fari. Sai bayan ƙaramar sallar 2025, ranar walimar saukar ɗiyata, ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofar falo. Ta kalli bango, ta kalli taga, ta kalli inda kabad yake a da. Ta ce, "Ɗakin ya koma kamar asibiti." Mata suna ta kiranta ta shigo uwar ɗaka, ta ce nan ma ya isa, ta zauna. Ina kai da kawo da kwanukan abinci na hango ta miƙe ta sauko da tasa guda daga kanta, ta kifa ta, ta matsa kusa da taga. A gindinta akwai zane uku da aka yi da wuƙa, shaidar da kakata ke sa wa kayanta don kada su ɓace a gidan biki. Ni duk gogewar da na yi shekara da shekaru ban taɓa ganinsa ba sai ranar da na dirje su a rana. Ta shafa shi da babban yatsa, ta mayar da tasar, ta gyara mata zama.

Da za ta tafi bayan la'asar, babban jikanta na riƙe mata jaka, ta tsaya a zaure inda muka jingine ragowar fenti. Ta ce masa, "Kai, wannan na zubarwa ne?" Ya ce bai sani ba. Ta ce ya sa mata a adaidaita sahu.

Rabin bokiti ne, ya yi wata biyar a ajiye, samansa har ya yi fata. Ko bango ɗaya ba zai rufe ba. Da daddare na kira mai fenti na kwatanta masa gidan Inna, na ce ya biya Ƙofar Ruwa ya ɗauki sabo a kuɗina, in ta tambaya ya ce ragowar ce ta isa. Ya ce bangon nata fa, yaya yake? Na ce ta fi shekara 30 tana turaren wuta a ɗakin. Ya ce to, Hajiya, sai an wanke tukun. Na ce a wanke.